Yadda ake karanta tarihin yanayin Arktik daga lakar tafki

Kowace shekara iska tana kwasar ƙurar furanni ta zuba a tafkuna, ƙurar ta nutse, laka ta rufe ta, kuma da yake ɓawonta ba ya saurin ruɓewa, sai ta zauna dubban shekaru. A kan wannan ne Lennart von Post, masani ɗan Suwidin, ya gina hanyar da ya gabatar a 1916, wadda masu nazarin tsohon yanayi ke bi har yau.

Da farko a zaɓi ƙaramin tafki mai zurfi wanda babban kogi ba ya shiga cikinsa, domin ruwan kogi yana dagula laka. A arewacin Alaska an fi son yin aikin kafin ƙanƙara ta narke, saboda ana tsayawa a kanta a huda rami, a zura bututu ya yanko lakar ba tare da ta cakuɗe ba. A rubuta zurfin kowane yanki nan take, sannan a adana shi a sanyin digiri 4.

Wurin da ya fi bukatar hattara shi ne gano shekarun lakar. Ana amfani da kabon-14, wani nau'in sinadarin kabon da ke raguwa a jikin abin da ya mutu, wanda rabinsa ke ƙarewa cikin shekara 5,730, kuma awonsa ba ya wuce kimanin shekara 50,000. Sai dai daskararriyar ƙasar Arktik, yankin sanyi na ƙuryar arewacin duniya, tana riƙe da tsohon kabon da ke zubowa cikin tafki, don haka idan aka auna lakar kanta tana iya nuna tsufan da ba nata ba. Gara a tsinto ganye ko irin tsiron tudu daga cikinta a auna shi, domin kyakkyawar ƙidayar ƙurar furanni ba ta gyara kuskuren shekaru.

Bayan haka a wanke samfurin lakar da asid don cire alli da yashi, a sa shi a madubin ƙara girma, a ƙirga aƙalla ƙwayar ƙurar furanni 300 a kowane mataki. Yawan ƙurar ciyawa da dangin tazargade yana nuna zamanin sanyi da fari. A tafkunan arewacin Alaska, ƙurar gajeren itacen birc ta ƙaru kimanin shekara 14,000 da suka wuce, lokacin da ɗumi da danshi suka fara samuwa, daga baya kuma itacen alda ya biyo.

Kada a ɗauki yawan ƙura a matsayin yawan itatuwa kai tsaye, domin iska tana kai ƙurar manyan bishiyoyin kudu har wuraren da ko ɗaya ba ta tsiro. Saboda haka a kwatanta sakamakon da lakar saman tafkunan yau, inda aka san tsirran da ke kewaye, sannan a duba shi da bayanan wasu tafkuna da ke rumbun Neotoma, ma'ajiyar irin waɗannan bayanai a intanet, kafin a yanke hukunci.