Furen hannun amarya a lokacin hunturu

'Yan'uwa masu biki daga Disamba zuwa Janairu, ga shawara: kada ki cika hannun amarya da ɗanyen fure zalla. Ki sayi wardi guda biyar ko bakwai, sauran ki cike da busasshen kan ciyawa da ɗan ganye mai kauri.

Sanyin Zariya ba ya cutar da fure, yana ma ƙara masa kwana. Busasshiyar iskar nan ce matsala, tana tsotse ruwan jikinsa kamar yadda take fasa mana leɓe. Ita ko ciyawa ta riga ta bushe, me iska za ta yi mata? Ga ta birjik a hanyar Samaru zuwa Shika, kyauta.

Wardin da ake kawowa daga Jos ki karɓa ana gobe biki. Ki yanke gindin a karkace, ki tsoma a bokitin ruwa, ki ajiye kusa da randa a rufaffen ɗaki. Ban da fanka, ban da firiza. Kuma ki nisanta shi da ayaba da tumatir, nunarsu na sa shi saurin yaushi.

A bikin ƙanwata na yi gangancin sa bogambiliyar gidanmu, furen nan mai hawa katanga, don ta yi jawur. Kafin la'asar ta zube a cinyar amarya, sai tsinke.

Farin fure kuwa ƙura na dafe shi in a waje za a ɗauki hoto. In bikin ya kai Maris, zafi ya shigo, ki haƙura da ɗanye, ki nemi na roba.