Yadda Ake Wanke Injin Kwale-kwale da Cire Maiƙonsa Kafin Sabon Fenti

Fenti ba ya kama jikin da ke da maiƙo, kuma yawancin fentin da ke ɓarewa daga injin kwale-kwale bayan 'yan watanni, matsalarsa daga wanki ta faro. Gangar jikin injin Yamaha, Mercury, Suzuki ko Tohatsu ta alminiyam ce, murfinsa kuwa galibi na roba mai tauri ne, saboda haka kowanne da irin kulawar da yake buƙata.

Da farko a cire wayar batir da tiyon fetur, a kafa injin a tsaye inda iska ke kaɗawa, nesa da wuta. A kwance farfela, a warware duk zaren kamun kifi da ya naɗe a bayanta, domin shi ke cinye robar da ke hana ruwa shiga giya. Idan man giya ya yi fari kamar madara, to ruwa ya riga ya shiga, kuma gyaran ya kamata ya gabaci fenti. Sannan a rufe kafireto da mahaɗar wayoyi da leda.

A kankare giris mai kauri da guntun roba ko katako, a wanke injin daga sama zuwa ƙasa da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka, ko maganin maiƙo da aka rubuta cewa ya dace da alminiyam. A fi ba da ƙarfi a kewayen cibiyar farfela, inda hayaƙi ke fita, musamman a injin da ake gauraya masa fetur da baƙin mai. Kada a yi wankin da soda mai ƙuna ko fetur: sodar tana cin alminiyam, fetur kuma yana barin maiƙo, ga kuma haɗarin gobara. Burushin waya na baƙin ƙarfe ma bai dace ba, domin ɓurɓushinsa yana maƙalewa a jikin ƙarfen ya haifar da zaizaya daga baya; na roba ya wadatar.

A nan ne masu gaggawa suke kuskure, suna fara gugar sanfefa kafin su cire maiƙo, alhali guga tana tura man cikin ƙananan zane-zanen da ta yi ne, inda wanki ba zai ƙara kai masa ba. Sai jiki ya tsabtata ya bushe za a goge shi da sanfefa mai lamba 220, a bi da 320, a cire farin garin zaizaya har ƙarfe ya fito fes. Bayan haka a shafa sinadarin cire maiƙo da tsumma ɗaya, a share da busasshe kafin ya bushe da kansa, ana sauya tsumman akai-akai. Asiton, wani sinadarin narkar da maiƙo, yana aiki a kan ƙarfe, amma yana iya lalata robar murfi.

Gwajin tsabta mai sauƙi ne: a watsa ruwa, idan ya shimfiɗu bai ɗaya an gama, idan kuwa ya dunƙule ɗigo-ɗigo, da sauran maiƙo. Daga nan sai da safar hannu za a taɓa injin.

A rufe lambar injin, ramukan shigar ruwan sanyaya da sandar farfela da salatif na takarda. Guntayen ƙarfen da ake kira anod, waɗanda aka ɗora domin zaizaya ta ci su maimakon injin, ba a yi musu fenti ko kaɗan. Alminiyam tsirara yana yin sabon ɓawon zaizaya da wuri, don haka a fesa fentin share fage na alminiyam a ranar da aka yi gugar, kuma a guji duk fentin da ke ɗauke da jan ƙarfe.