Ragowar shinkafa da laimar kwaɗi: girkin dare ga baƙon Guangzhou

Makonnin farko a Guangzhou ta ƙasar Sin, yawancinmu a gidajen abincin unguwar Xiaobei muke ƙarewa, ko a shagunan taliyar Lanzhou masu ɗauke da rubutun 清真, wanda ake karantawa "qingzhen", wato halal. Ba laifi ba ne. Amma aljihu yakan gaji, ciki ma ya gaji da maiƙo. Ranar da ka dawo daga kasuwa a gajiye, ka buɗe firji ka tarar da shinkafar jiya da ƙwai biyu da guntun kabeji, kada ka sake fita. Abincin darenka ne a gabanka.

Sinawa da kansu da shinkafar da ta kwana suke yin soyayyar shinkafarsu, "chaofan". Sabuwar dafuwa tana da laima, sai ta caɓe a kasko. Wadda ta kwana a sanyi kuwa warwarewa take yi. Ɗumame ne dai irin nasu.

Abin da zai ba girkin nan daɗi shi ne wanda muka taso muna ƙyama, wato laimar kwaɗi. A gida ko taɓa ta yaro ya yi, sai an ce ya wanke hannu. A nan noma ta ake yi kamar alayyafo, tana jibge a kowace kasuwar cefane, ana aunawa da "jin", rabin kilo ke nan. Na daɗe ina wuce ta kafin na gwada, kuma na yi da-na-sanin jinkirin. Fara da "xianggu", mai ruwan ƙasa da kauri. Idan ta soyu takan ba da wani ɗanɗano mai zurfi da zai sa ka manta babu nama a kwanon. Busasshiyarta ta fi ƙamshi: jiƙa ta a ruwan ɗumi kamar minti 30, kuma kada ka zubar da ruwan, romo ne. Akwai "pinggu" mai faɗi da laushi, da "jinzhengu" sirara kamar tsintsiya. Kowacce ka saya, ta dahu sosai kafin ka ci.

Ɗora kasko ya yi zafi ƙwarai, mai cokali ɗaya ya isa. Soya ƙwan ka kwashe. Zuba yankakkiyar laimar ka ƙyale ta, ban da yawan juyawa. Za ta fara fitar da ruwa, ruwan ya ƙone, gefenta ya yi ja. A nan daɗin yake, kuma a nan masu gaggawa suke ɓata girkin. Sai tafarnuwa da citta, sai kabeji da karas ko duk ganyen da ya rage. Ganyen ya kusa kai shinkafar yawa. Murmushe shinkafar da hannu ka zuba, ka juya har ko'ina ya ɗau zafi yana tururi, ka mayar da ƙwan, ka watsa lawashi. Ruwan waken soya, "shengchou", cokali ɗaya kawai, domin cike yake da gishiri, ba sai ka ƙara dunƙule ba. Mai kewar daddawa ya nemi "douchi", baƙin waken da aka tsima. 'Yan uwan juna ne a ƙamshi. Yajin da ka taho da shi daga gida ma yana da gurbi a kai.

Ka lura da kwalabe. "Liaojiu" giyar girki ce, tana nan jere kusa da ruwan waken soya, kuma maƙwabcinka Basine zai ba ka shawarar sa ta da zuciya ɗaya. Duba tambarin halal a jikin duk abin da za ka saya.

Shinkafa kuma kada ta kwana a tukunyar lantarki, musamman a zafin Guangzhou mai gumi. Akwai ƙwayar cutar da dafuwa ba ta kashewa, tana yaɗuwa idan shinkafa ta daɗe a waje, kuma ɗumamawa ba ta kawar da dafinta. Da ta huce, cikin awa ɗaya, sa ta a firji, ka cinye washegari, ɗumi sau ɗaya tak. Haka baƙar laimar "mu'er" mai kama da kunne: kada ka jiƙa ta ka bar ta ta kwana, ta sha kwantar da mutane a ƙasar nan. Laimar da ta tsiro a lambu ko gindin bishiya bayan ruwan sama kuwa, ko ta yi kama da ta kasuwa, bar ta inda ka gan ta.