Idan yadin silin motarka ya saki

'Yan uwa, kada ku ɓata gam wajen manna tsohon yadin. Soson da ke bayansa ne zafi ya cinye ya zama gari, gam ba zai kama ba.

A cire batir tukuna, musamman in motar tana da jakar iska a gefe, wato wadda ke kumbura ta kare mutum in an yi haɗari. A kwance fitilar ciki da marikai, a kwantar da kujeru, a zaro allon silin da yadin ke manne a jikinsa ta ƙofa a hankali, don karyewa yake. A kankare garin soson da buroshi tas.

Gam na fesawa mai jure zafi za a saya. A fesa wa allo da sabon yadi, a jira ya fara danƙo, a shimfiɗa rabi-rabi daga tsakiya. Da tafin hannu ake shafawa. Ni da yatsa na danna, har yau ramukan suna nan suna kallona.