Babi na 4: Turkar Sa da Abin da Gona Ta Bari

Darasi na 1: Tara kara

Iyayena da ƴan uwana, sannunku da ƙoƙari. Mu tafi a hankali.

Nan Damagaram, da kaka kara banza ne, da bazara kuwa sai da kuɗi. To, ana gama girbi ku kwashe karan gero da na dawa, da harawa, da kowar wake, ku ɗora bisa rumfa, kada gara ta ci. Amma busasshen kara shi kaɗai cika ciki ne, ba ya sa ƙiba. Sai an gyara shi. Ku sassare shi da adda, tsawon yatsa.

Darasi na 2: Awon ure

Ure shi ne farin takin nan mai kama da sukari. Ga awon: kara kilo 100, ruwa lita 50, ure kilo 5. Lita 50 bido biyu ke nan, mai lita 25.

Ku dubi lambar da kyau: 5. Biyar, yatsun hannu ɗaya. Mai sifili a baya, 50, ta ruwa ce. Ku rubuta 5 a littafinku. Madalla. Wanda hannunsa ya yi rawa ya sake, ba abin kunya ba ne. Ure kilo nawa? Biyar. Ruwa fa? Hamsin.

A zuba ure cikin ruwan, a dama har ƙwaya ɗaya ba ta saura a gindin baho. A shimfiɗa leda cikin rami, a zuba kara, a yayyafa, a tattake, a ƙara wani. A rufe ruf, sati 3.

Mu koma kan biyar ɗin. Bara wani ɗalibina ya ce idonsa sikeli ne, ya zuba da ka, ya kuma bar bahon a tsakar gida. Sa ya sha, ciki ya kumbura, kafin la'asar an kira mahauci. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Ku ari sikeli wurin mai kanti. Kilo 5, ba tiya 5 ba.

In kun buɗe, wari zai bugi hanci. Ku baza na gobe ya sha iska tun yau. Ku fara ba san da kuka turke kaɗan-kaɗan. Ban da jaki, da doki, da ɗan maraƙi mai shan nono.

Darasi na 3: Dussa

Safe da yamma, dussa da ɗan tunkuza. A aje gishiri ya riƙa lasa. Maganin tsutsa, ku ga likitan dabbobi.

Darasi na 4: Ruwa da kasuwa

Ruwa mai tsabta kullum, turke a inuwa. Bayan wata 3 ku taɓa bayansa, in ya cika sai kasuwa.