Yadda ake tsinto burbushin amonait a gyara shi don ajiyewa

Kimanin shekara miliyan 93 da suka wuce, teku ya malale wani yanki na ƙasar da muke noma a yau, daga kwarin Binuwai har cikin Sahara. A cikin ruwan nan amonait ta rayu, wata halitta mai ƙwanso nannaɗe kamar ƙahon rago, dangin oktofus, halittar tekun nan mai hannuwa takwas. Ta ƙare ƙaf shekara miliyan 66 da suka wuce, amma ƙwansonta ya zama dutse, kuma har yanzu ana tsintarsa. Wanda ya same shi, aikinsa ya fito da shi yadda yake, ba tare da ya ɓata shaidar da ke jikinsa ba.

Fara da sanin inda za ka duba. Dutsen siminti na Ashaka, kusa da Bajoga a Jihar Gombe, sananne ne wajen masana saboda yawan amonait ɗinsa, haka ma yankin Pindiga. Akwai ma jinsin da aka raɗa wa suna Gombeoceras. A Nijar, ƙasar Damargu, wajajen Tanut, ta daɗe da yin suna. A Sakkwato ana samu a shimfiɗar dutse ta Dukamaje. Kada ka wahalar da kanka a dutsen Kalambaina, don bayan ƙarewar amonait ya samu, sai dai ka tarar da wasu halittun tekun. Duwatsun giranit masu tauri irin na Jos da Zariya kuwa babu burbushin halitta a cikinsu.

Kafin ka ɗaga ko tsakuwa, nemi izini. In gona ce ko bakin kwazazzabo, gaida mai unguwa da mai gonar, ka faɗi abin da ya kawo ka. In wurin fasa dutse na kamfani ne, ba a shiga sai da yardar hukumar wurin, saboda ana tayar da nakiya, manyan motoci na kai da komo. Kuma kada ka ƙetare iyaka da abin da ka tsinta sai ka tambayi hukuma.

Kaka ce lokacin fita, bayan ruwan damina ya wanke gangare ya tono sabbi. Ɗauki guduma, ƙaramin cizil, tabarau na kare ido, tsohuwar jarida, biro da littafi. Duba ƙasa, cikin duwatsun da suka riga suka zubo, kada ka tsaya ƙarƙashin gangare mai tsayi. Ka riƙa juya dutse da guduma saboda kunama.

In ka hango amonait manne cikin dutse, kada ka yi ƙoƙarin ɓamɓaro ta a nan. Sassaro ta da ragowar dutsen da ke kewaye da ita, ka nannaɗe a jarida. Sannan ka yi abin da na fi ba muhimmanci a duk aikin nan: rubuta sunan gari, ainihin wurin, kwanan wata, irin dutsen da kalarsa, da ko a jikin shimfiɗa ka ciro ta ko a ƙasa ka tsinta. Ɗauki hoto da waya, ka adana lambar taswirar wurin. Da amonait masana ke gane shekarun dutse, domin jinsinta na saurin sauyawa daga shimfiɗa zuwa shimfiɗa. Wadda ba a san inda ta fito ba, ta tashi daga shaida ta koma kayan ado kawai.

A gida, gwada ruwa a ɗan gutsure tukuna. Dutse mai tauri yana jure wanki da ruwa da tsohon buroshin haƙori. Mai laka-laka kuwa yana narkewa, shi sai busasshen buroshi. Bar shi ya bushe sarai a inuwa.

Yanzu sai aikin haƙuri. Ɗora dutsen kan jakar yashi don kada ya girgiza. Da basilla ko ƙusa mai kaifi, ka riƙa ɓalle ragowar dutsen kaɗan-kaɗan, bakin ƙarfen na nufar waje, nesa da jikin amonait. Fara daga zagayen waje ka nufi cibiya. Cibiyar ce ta fi rauni, in ta ƙi fita ka ƙyale ta. Sau da yawa za ka ga wasu layuka masu lanƙwasa sun bayyana a jiki. Sawun bangon ɗakunan da ke cikin ƙwanson ne, kuma da su ake bambanta jinsi da jinsi. Saboda su nake hana amfani da samfefa ko injin gurza. Masu sheƙin nan da ake sayowa daga Madagaska da Maroko an yanka su ne an goge don kasuwa. Suna da kyau, amma fatarsu ta asali ta tafi.

Ruwan khal yana cin dutsen siminti, to amma yana cin amonait ɗin ma, tunda yawanci sinadarinsu ɗaya. Ni ba na ba sabon shiga shawarar taɓa shi.

In ta karye, share bakin karayar ka haɗa. Masu aikin gidajen tarihi suna amfani da wani gam mai suna Paraloid B-72 da aka narkar a sinadarin asiton, domin ana iya warware shi daga baya. In babu, ɗigon gam mai ƙarfi ya isa. Kada ka shafa wa jikin amonait fenti ko banish. Wadda ke ƙyallin ruwan zinariya kuma, ma'adinin fairait ne a jikinta, danshi na rubar da shi ya koma gari mai warin kibiritu. Ita a rufe ta a roba da ƴan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi.

Daga ƙarshe, ɗiga farin fenti a ɓoyayyen gefen dutsen, ka rubuta lamba, ka sa lambar a kati da cikin littafinka. Kwantar da ita a kwali mai shimfiɗar soso, ko kabad mai gilashi, haske na zuwa daga gefe don haƙarƙarinta su fito. In ka samu wadda ba ka taɓa ganin irinta ba, kai ta sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello ko na Jami'ar Jihar Gombe, tare da katinta.