Darasi na 9: Murtsunguwa mai jan kai

Wannan 'yar shuka da ake ajiyewa a bakin taga, mai jan kai kamar ta sa dara, ba shuka ɗaya ba ce. Biyu ne aka yi musu aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro. Asalin kan daga Kudancin Amurka yake, wajen ƙasar Faragwai. A Japan aka fara samun jan irin, cikin shekarun 1940.

Jan kan ba shi da koren sinadarin da shuka ke haɗa abinci da shi daga hasken rana. Koren gindin nan mai kusurwa uku shi ke ciyar da shi. In gindi ya mutu, kai ya bi shi.

A samu ƙaramar tukunyar ƙasa, faɗin bakinta santimita 8 zuwa 10, mai huji a ƙasa. A haɗa yashin rafi mai kaushi kashi 2, ƙasar lambu kashi 1, ƙananan tsakuwa kashi 1. Ban da laka, ban da ɗanyen taki.

Ruwa ne ya fi kashe ta, ba ƙishi ba. Kafin a zuba, a cusa tsinke har ƙasan tukunya. In ya fito da danshi, a dakata. In ya fito a bushe, a zuba ruwa a kan ƙasar har ya ɗigo ta hujin, a zubar da wanda ya taru a faranti. Da bazara hakan kan kama kowane kwana 7 zuwa 10. Da damina da lokacin sanyi, sai ta yi mako 3 ba ta nema ba. Kada a bar ta a waje ruwan sama ya dake ta. Gindin da ya yi laushi ya koma launin ruwan ƙasa ya ruɓe ke nan.

Tana son haske, amma ranar tsaka tana ƙona jan kan, ya yi fari-fari. Tagar gabas ta fi. Farin abu kamar auduga tsakanin ƙayoyi ƙwari ne masu tsotse ta. A goge su da auduga da sifirit.

Auren nan ba ya daɗewa, sau da yawa shekara 1 zuwa 3, domin gindi ya fi kai saurin girma. 'Ya'yan da kan ke fitarwa kuwa, an sha dasa su a ƙasa, ba sa rayuwa. Sai dai a yi musu sabon aure. A goge sabuwar reza da sifirit, a yanke saman lafiyayyen gindi a miƙe, a fere kusurwoyinsa, a yanke ƙasan ɗan. A tsakiyar kowane yanka akwai ɗan zobe, ta nan abinci ke bi. A ɗora nan take yadda zobban biyu za su haɗu, a ɗaure da robar ɗaure kuɗi ta ƙarƙashin tukunya. A ajiye a inuwa mako 2, kada ruwa ya taɓa yankan, sannan a cire robar.